Kowa Da Irin Dariyarsa

 

Da wuya a sami unguwa a ƙasar Hausa wadda ba ta da dakali ko gindin bishiya kusa da masallaci, inda magidanta kan zauna tsakanin la'asar da magariba. A irin wannan majalisa ba a cika tattauna wani babban al'amari ba. A taɓa tsadar hatsi, a taɓa maganar damina, in zance ya ƙare sai a koma kan juna. Daga cikin abin da akan koma kansa kuwa har da yadda kowa ke dariya, domin mutanen da suka shekara ashirin suna zama a tabarma ɗaya sun san dariyar juna kamar yadda suka san takalman juna a ƙofar masallaci.

A ɗauki wata majalisa misali. Tela ne ya fara tsokana. Ya dubi Alhajin da ke sayar da yadi ya ce, "Alhaji, tun da ka dawo daga aikin Hajji ka sauya dariya. Da can da gaba kake yin ta, yanzu kuwa sai ka karkace baki wajen dama, don haƙorin Makka ya sha iska." Alhaji ya ce, "Gara ni, ina da abin nunawa. Kai fa da kake rufe baki da hannun riga kamar amarya? Giɓi kake ɓoyewa, kuma duk garin nan an san da zamansa." Aka kwashe da dariya. Mahauci ya saki tasa, wadda akan jiyo daga bakin kasuwa, yana yi yana dukan cinya. Sai ladan ya ce, "Sarkin fawa, don Allah ranar da aka ɗauke wuta ka ara mini wannan murya in kira asuba da ita." Mahauci ya ce, "Allah gafarta Malam, ai taka ta fi tawa ban mamaki. Kai ba a jin komai, sai kafaɗu na rawa, hawaye na zuba. Ran nan wani baƙo ya gan ka, har ya tsuguna zai yi maka ta'aziyya." Ta tsohon direba aka ce kamar motar da batirinta ya yi sanyi take, sai ta yi tari uku kafin ta tashi. Malamin makaranta kuwa, sai an gama dariya an shiga wani zance sa'an nan tasa take isowa, har akan ce jirgin ƙasa ta biyo.

Haka aka yi ta yi har ladan ya miƙe ya ɗauki buta. Kowa an taɓa shi, kowa ya rama, kuma babu wanda ya koma gida da ɗaci a ransa. Gobe ma da la'asar sai a tarar da mai giɓi da mai haƙorin Makka suna zaune kafaɗa da kafaɗa, suna raba goro ɗaya.

Wannan raha ta nuna abin da harshe ya riga ya sani, cewa dariya iri-iri ce. Bahaushe yana da murmushi, yana da darawa, yakan ce wane ya ƙyalƙyale, wane ya tuntsire, wane ya sheƙe, wane ya bushe da dariya har ya riƙe ciki. Mata suna da shewa da tafi. Yana kuma da yaƙe, watau buɗe haƙora ba tare da zuciya ta yarda ba. Larabawa ma haka suke. Malam Sa'alibi mutumin Naisaburi, wanda ya rasu a shekara ta 429 bayan Hijira, ya jera matakan dariya ɗaya bayan ɗaya a littafinsa Fiƙhul Lugga, ya fara da murmushi, ya bi ta kan ƙyaƙyatawa, har ya kai ga wadda mai yin ta ya wuce iyaka.

Malaman fiƙihu su ma sun rarraba ta, amma saboda salla. Hanafawa suka kasa ta uku. Murmushi shi ne wanda ko mai yin sa ba ya jin sautinsa. Dariya ita ce wadda mai yin ta yake ji, na kusa da shi ba ya ji. Ƙyaƙyatawa kuwa ita ce wadda har na kusa yake ji. A wurinsu murmushi ba ya ɓata komai, dariya tana ɓata salla, ƙyaƙyatawa kuma tana ɓata salla ta haɗa da alwala. Malikawa ba su kai ga alwala ba. Wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 386, ya san cewa mai dariya a salla sallar kaɗai zai sake, in kuwa yana bayan liman ne sai ya ci gaba da bin sa, bayan sallama ya sake, kuma babu komai a kan mai murmushi. Ahalari ma, wanda almajirai ke fara fiƙihu da shi, ya ce dariya tana ɓata salla ko da gangan ko da mantuwa.

To, daga nan ne mutane da yawa suka ɗauki ma'aunin da aka yi domin salla suka fita da shi waje. Suka zaci ƙarar dariya ita ce laifinta. Wanda aka jiyo tasa daga nesa ba shi da natsuwa, wanda ba a taɓa ganin haƙoransa ba shi ne kamili. Wasu ma suka wuce nan, suka mai da ɗaure fuska alamar tsoron Allah. Akwai magidancin da in ya yi gyaran murya a zaure, 'ya'yansa kan watse kamar 'yan tsaki sun ga shirwa, matan gida su haɗiye zancensu, shi kuwa a ganinsa kwarjini ne Allah ya ba shi. In aka tambaye shi hujja, sai ya ce ai Manzon Allah (S.A.W.) ba ya ƙyaƙyatawa.

Gaskiya ne Nana A'isha (R.A.) ta ce ba ta taɓa ganinsa ya saki dariya har an hango belinsa ba, murmushi yake yi, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Amma wanda ya riƙe wannan hadisi ya kamata ya riƙe 'yan'uwansa. Tirmizi ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Harisu cewa bai ga wanda ya fi Manzon Allah yawan murmushi ba. Jariru ɗan Abdullahi ya ce tun da ya musulunta Annabi bai taɓa ganinsa ba face ya yi masa murmushi. Jabiru ɗan Samura ya ba da labari, a cikin Sahihu Muslim, cewa bayan sallar asuba sahabbai kan zauna suna tuna abubuwan da suka yi a zamanin jahiliyya, suna dariya, Annabi yana zaune a wurin sallarsa yana murmushi. Bai tsawata musu ba, bai kuma tashi ya bar musu wurin ba. Ashe ita ma majalisa ce, a cikin masallacin Madina.

Akwai ma lokutan da abin ya wuce murmushi. Wani mutum ya zo ya ce ya halaka, ya sadu da iyalinsa da rana a watan azumi. Aka ce ya 'yanta bawa, ya ce ba shi da shi. Aka ce ya yi azumin wata biyu a jere, ya ce ba zai iya ba. Aka ce ya ciyar da miskinai sittin, ya ce ba shi da hali. Ana nan sai aka kawo kwandon dabino, Annabi ya ba shi ya ce ya je ya yi sadaka da shi. Sai mutumin ya rantse cewa duk Madina babu gidan da ya fi nasa talauci. Annabi ya yi dariya har fiƙoƙinsa suka bayyana, ya ce ya kai wa iyalinsa. Mutum ya shigo yana kukan halaka, ya fita da kwandon dabino a ka. Kuma Allah da kansa ya faɗa a Suratun Najmi, aya ta 43, cewa Shi ne Yake sa dariya, Shi ne Yake sa kuka. Abin da Allah ya jingina wa kansa a wajen ambaton ikonsa ba zai zama aibi a asalinsa ba.

Ba a manta da hadisin Abu Huraira ba, wanda Tirmizi da Ibnu Majah suka kawo, cewa yawan dariya yana kashe zuciya. Wannan gargaɗi ne na gaske, kuma kowa ya san irin mutumin da ake nufi: wanda ba a iya yin maganar kirki da shi ta minti biyar, a gidan mutuwa ma sai ya sami abin zolaya, in an yi masa nasiha ya mai da ita barkwanci. Amma a lura, yawa aka ambata. Mahaucin nan da ke cika kasuwa da dariya na ɗan lokaci bayan la'asar, sa'an nan ya tashi ya bi sahu, gobe ya yi sammako ya tsai da awo daidai, bai shiga wannan gargaɗi ba don kawai Allah ya ba shi faɗin ƙirji.

In ƙara ba ita ce ma'auni ba a wajen salla, to, mene ne? Amsar tana ɓoye a cikin hujjar da Hanafawa suka dogara da ita a kan maganar alwala. An ruwaito cewa wata rana ana salla sai wani mai raunin gani ya taho ya faɗa wani rami da ke wurin, waɗansu daga cikin masu salla suka yi dariya, da aka idar aka umarce su su sake alwala su sake salla. Malaman hadisi da yawa sun raunana wannan ruwaya, shi ya sa Malikawa da Shafi'awa ba su gina hukunci a kanta ba. Amma ko da an ajiye maganar alwala, mai karatu ya dubi abin da aka yi wa dariyar: mutum ne da ba ya gani, ya taho neman jam'i, ya faɗi. Tambayar da ta kamaci kowace dariya ke nan: a kan wa ta sauka, kuma me ta rage masa?

Abdullahi ɗan Mas'udu (R.A.) yana cikin waɗanda suka riga shiga Musulunci, kuma yana cikin mutum huɗu da Annabi ya ce a koyi Alƙur'ani daga gare su. Mutum ne ɗan siriri. Imamu Ahmad ya ruwaito cewa wata rana ya hau bishiya zai karyo aswaki, iska ta riƙa kaɗa shi, mutane suka ga sirantar ƙwaurinsa suka yi dariya. Annabi ya tambaye su abin da suke yi wa dariya, suka faɗa. Sai ya rantse cewa waɗannan ƙafafu sun fi dutsen Uhudu nauyi a kan mizani. Waɗanda suka yi dariyar nan sahabbai ne, ba maƙiyansa ba, kuma babu alamar sun yi da mugun nufi. Abu ne suka gani ya ba su dariya. Duk da haka Annabi bai bar ta ta wuce ba. Shi da yake zama yana murmushi sa'ad da suke dariyar wautar da suka yi a jahiliyya, a nan ya tsai da su, domin can kansu suke yi wa, nan kuwa halittar wani ce, abin da bai zaɓa ba kuma ba ya iya sakewa. Kuma bai tsaya ga hani ba, sai da ya mayar wa mutumin da abin da dariyar ta ɗauke masa, a gaban waɗanda suka yi ta.

Nana A'isha ta riƙe wannan tarbiyya. Muslim ya ruwaito cewa waɗansu samarin Ƙuraishawa sun shiga wurinta a Mina suna dariya. Ta tambaye su dalili, suka ce wane ne ya yi tuntuɓe da igiyar tanti ya faɗi, saura kaɗan wuyansa ya karye ko idonsa ya tsiyaye. Ta ce kada su yi dariya, ta tuna musu cewa ko ƙaya ce ta soki Musulmi ana ɗaukaka darajarsa da ita, a kankare masa zunubi. Har abin da ake jin nauyin ambatonsa Annabi bai ƙyale ba. Buhari da Muslim sun kawo cewa a cikin wata huɗuba ya yi wa mutane wa'azi a kan dariyar da suke yi in iska ta kuɓuce wa wani, ya tambaya don me mutum zai yi dariyar abin da shi ma yake yi. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani.

Alƙur'ani kuwa da ya zo kan wannan al'amari bai yi maganar ƙara ba sam. A Suratul Hujurati, aya ta 11, an hana maza yi wa maza izgili, an sake hana mata yi wa mata, domin mai yiwuwa wanda ake yi wa ya fi mai yi a wurin Allah, sa'an nan aka hana aibata juna da jifan juna da miyagun laƙabai. A Suratul Muɗaffifina, da aka siffanta masu laifi da ke yi wa muminai dariya, sai aka ambaci ƙifce da zunɗen da suke yi in sun wuce su. Ƙifta ido ba shi da sauti ko kaɗan. In da ma'aunin ƙara ake bi, da mai ƙifce ya fi kowa tsira. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505, ya kawo a cikin Ihya'u wani fassarar da aka jingina wa Ibnu Abbas a kan littafin ayyuka da aka ambata a Suratul Kahfi, wanda ba ya barin ƙarami ko babba: ƙaramin shi ne murmushin izgili ga mumini, babban shi ne ƙyaƙyatawa a kan haka. Watau murmushin nan da yake sadaka in an yi shi a fuskar ɗan'uwa, shi ne kuma ake rubutawa laifi in an yi shi a bayan ƙeyarsa.

Mai son ya ga yadda ake wasa da mutum ba tare da an rage masa komai ba, ya dubi labarin Zahiru. Baƙauye ne, ba shi da kyawun fuska, yakan kawo wa Annabi tsarabar ƙauye, in zai koma Annabi ya yi masa guzurin birni. Wata rana yana kasuwa yana sayar da kayansa, Annabi ya lallaɓo ta baya ya rungume shi, Zahiru na cewa a sake shi, wane ne wannan. Da ya waiga ya gane, sai ya ƙara manna bayansa da ƙirjin Annabi. Annabi ya shiga tambayar mutane wa zai sayi wannan bawa. Zahiru ya ce in haka ne kuwa zai yi kwantai. Annabi ya ce a wurin Allah shi ba kwantai ba ne, mai tsada ne. Tirmizi ya kawo shi a Shama'ilu. A nan wasan ya zo dab da wurin da ke yi wa mutumin ciwo, har shi da bakinsa ya ambata, amma da aka tashi Zahiru ya fi yadda aka same shi daraja a idon 'yan kasuwa. Babu ƙarya kuma a ciki, tun da kowa bawan Allah ne. Annabi yakan yi wasa, amma ba ya faɗin komai sai gaskiya, kuma Abu Dawuda ya ruwaito kashedi mai tsanani ga wanda ke shirya ƙarya don ya ba mutane dariya.

Al'adar Hausawa ta san wannan iyaka tun da daɗewa, ta kuma yi mata tsari. Akwai wasan Kanawa da Zazzagawa, da na Katsinawa da Nupawa, da na Gobirawa da Yarbawa, da na Fulani da Barebari. Akwai na taubasai, da na jika da kaka. A Jamhuriyar Nijar an ɗauki wannan al'ada da muhimmanci har hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun da ake tattalinsu a shekara ta 2014. Babarbare ya kira Bafillace bawansa a tsakiyar kasuwa, maganar da in wani ne ya faɗa sai an kai ga alƙali, amma sai a tafa a wuce. Dalili kuwa shi ne Bafillacen yana da ikon ramawa nan take, kuma kowa ya san yana da shi. Wannan shi ne abin da ya tsare majalisar nan ta bakin masallaci. Alhaji ya taɓa giɓin tela, alhali giɓi ba abin da tela ya zaɓa ba ne, amma tela ne ya fara, kuma gobe yana da bakin sakewa. Gazali ma ya bambanta: wanda aka yi wa wasa da abin da shi kansa yake jin daɗinsa, wannan raha ce, izgilin da aka haramta shi ne wanda ake cutuwa da shi saboda ƙasƙancin da ke cikinsa.

Sai dai a nan ne mutane suke yaudarar kansu. In aka ce wa mutum ya muzanta wane, sai ya ce, "Haba, ai har da shi aka yi dariyar." To, da me zai yi? Yaron kanti da maigidansa ya kwaikwayi tafiyarsa a gaban baƙi, in bai yi dariya ba a ce ya yi wa maigida fushi. Amaryar da dangin miji suka taru suna dariyar Hausarta, don ba a nan aka haife ta ba, in ta ɓata rai a ce ba ta da haƙuri. Mai neman bashi yana dariya ga duk abin da mai kuɗi ya faɗa, ko da shi ake yanka. Wannan shi ne yaƙe, wanda akan ce ya fi kuka ciwo. Wani likita Bafaranshe mai suna Duchenne ya nuna a shekara ta 1862 cewa murmushin farin ciki yana motsa naman da ke kewaye da ido, na dole kuwa a leɓe yake tsayawa. Bahaushe bai jira likita ba, ya riga ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. Mai wasa da na ƙasa da shi, in yana son ya san gaskiya, ya tambayi kansa: da wannan yaro zai mayar masa da irin maganar da ya faɗa, a gaban waɗannan mutane, zai ɗauka? In ba zai ɗauka ba, to, abin da ya yi ba wasa ba ne, iko ne ya gwada.

Kada a ɗauka ɓarnar ta tsaya ga ɓacin rai na yini ɗaya. Sau nawa dattijo mai shekara hamsin yakan cire girman kai ya ɗauki littafi ya tafi makarantar dare don ya gyara Fatiharsa, ya buɗe baki ya karanta harafi ba daidai ba, wani matashi a baya ya gimtse dariya, wani ya taɓa na kusa da shi? Ba a ji ƙarar komai ba, malam ma bai lura ba. Amma dattijon ya ji, kuma gobe ba za a gan shi ba, jibi ma haka. Zai ci gaba da sallarsa da Fatihar da bai gyara ba har ƙarshen ransa, waɗanda suka kore shi kuwa ba su ma san sun yi wani abu ba. Haka yaro mai in'ina yakan daina ɗaga hannu a aji, ko da ya fi kowa sanin amsa. Haka mace takan daina tambayar hukuncin abin da ya shafi ibadarta, don ranar da ta tambaya an yi shewa.

A zamanin nan abin ya sami ƙafafu. Wanda ya faɗi a Mina, waɗanda suke wurin ne kaɗai suka ga faɗuwarsa. Yanzu kuwa tsoho ya zame a bakin kwata, ko mai taɓin hankali ya yi rawa a tasha, ko wani ya yi kuskuren lafazi a wurin wa'azi, kafin ya tashi ya kakkaɓe rigarsa an ɗauke shi a waya, kafin dare ya kai garuruwan da bai taɓa zuwa ba. Ba ya iya ramawa, ba ya ma sanin su wa suke yi masa. 'Ya'yansa za su gani, surukansa za su gani, bayan shekaru a sake tono shi. Wanda ya tura wa abokansa yakan ce ba shi ya ɗauka ba. Haka ne, amma mai kai gulma ma ba shi ya ƙirƙira ta ba.

Ana iya cewa dariya takan zo wa mutum ba da shiri ba, kuma gaskiya ne, wani lokaci takan fi ƙarfinsa kamar atishawa. Ba a kama bawa da abin da ya rinjaye shi. Abin da ake tambayarsa shi ne wanda ya biyo baya: ya kau da kai ya haɗiye ta, ko ya nemi idon abokinsa don su ƙarasa tare? Ya miƙa hannu ya ta da wanda ya faɗi, ko ya adana labarin don majalisa? In kuwa ta riga ta fita ta yi rauni, haƙƙin ɗan Adam ne, istigfari kaɗai ba ya sauke shi sai an nemi yafewar mai shi.

A koma majalisar nan. Wata rana suna zaune sai ga wani yaro mai tallan rake, mai in'ina. Ya yi sallama, ya tsaya a kan harafin farko yana fama. Bayan ya ɗan matsa, sai tela ya karkata kai ya kwaikwaye shi ƙasa-ƙasa, daidai yadda yaron zai iya ji. Alhaji ya murmusa, haƙorin Makka ya ɗan leƙo. Direba ya yi tari ɗaya, motar ba ta tashi ba. Kafaɗun ladan ba su motsa ba. Mahauci, wanda ake jiyo dariyarsa daga bakin kasuwa, bai ko dubi tela ba. Ya ƙwala wa yaron kira ya ce, "Zo nan, ɗana. Nawa ne sandan?" Yaron ya dawo ya tsuguna, ya fara faɗin kuɗin, ya sarƙe, ya sake farawa. Mahauci ya zuba masa ido yana jira, bai ƙarasa masa kalmar ba, har ya kai ƙarshenta da kansa. Sa'an nan ya sayi sanda biyu, ya sa yaron ya yayyanka, ya ce ya fara miƙa wa tela.